Yadda Baka Ya Komo Dajin Amurka

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1911, haushin karnuka ya fito da waɗansu mahauta daga mayankarsu da ke bayan garin Oroville, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Da suka duba abin da karnukan ke yi wa haushi, sai suka tarar da wani mutum raɓe a jikin shingen shanu, yunwa ta ramar da shi, gashin kansa a babbake, ba kome a jikinsa sai wani tsohon tsumma. Aka yi masa Ingilishi bai ji ba. Aka kirawo Indiyawan da ke zaune kusa, watau 'yan asalin ƙasar, su ma ba wanda ya gane bakinsa. Da shugaban 'yan sandan wurin ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya sa shi gidan waƙafi don ya tsare shi daga 'yan kallo.

Wannan mutum da ya fito daji hannu wofi, ko baka ba ya riƙe da shi, shi ne sanadin farfaɗowar farauta da baka a Amurka. Yau miliyoyin mutane ne ke fita kowace kaka da kwari da baka neman barewa a ƙasar, in kuwa aka bi salsalar malamansu, galibi a wurinsa za a tsaya.

Tun da fari ya kamata a sani, abin da ake kira barewa cikin wannan labari ta bambanta da barewar ƙasar Hausa. Ta fi ta girma, namiji kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuwa mai rassa ne kamar itace, yana zuba kowace shekara wani ya tsiro. Amma wajen tsoro, da jin motsi, da jin ƙanshin mutum tun daga nesa, halinsu ɗaya.

Ƙarshen Yahi

Sunan kabilar mutumin nan Yahi, wani reshe ne na al'ummar Yana. Mazauninsu duwatsu ne da kwazazzabai a gindin dutsen Lassen, bakin waɗansu rafuka biyu, Mill Creek da Deer Creek, ma'anar na biyun kuwa rafin barewa. Abincinsu kifi ne, da naman barewa, da garin 'ya'yan wani babban itace da Turawa ke kira ok. Haka suke zaune har shekarar 1848, sa'ad da aka ga zinariya a Kalifoniya. Kafin shekara ta kewayo Turawa sun kwararo dubu-dubu. Masu haƙa suka ɓata rafuka, shanu da aladun baƙi suka cinye ciyawa da 'ya'yan itace, bareyi suka yi nisa. Da yunwa ta matsa wa Yahi sai suka shiga kama dabbobin baƙin, baƙin kuwa suka riƙa haɗa gayya suna binsu da bindigogi. Cikin 1865 aka faɗa wa wani ƙauyensu da asuba suna barci, aka kashe mutane da yawa. Aka sake yin irin wannan, har Turawan wurin suka tabbata ba sauran Bayahe a duniya.

Ashe akwai 'yan kaɗan da suka tsira. Suka shige kurmi suka ɓuya wajen shekara 40. Sukan yi tafiya bisa duwatsu don kada su bar sawu, su rarrafa ƙarƙashin sarƙaƙiya, su hura 'yar ƙaramar wuta wadda hayaƙinta ba ya tashi sama. Cikin wannan zaman ɓuya baka ya yi musu rana, domin ba shi da ƙara. Da bindiga suke harbi, da tuni an gano inda suke.

Cikin watan Nuwamba, 1908, waɗansu ma'auna ƙasa suka yi kiciɓis da bukkokinsu. A lokacin saura mutum huɗu: shi wannan mutum, da tsohuwarsa marar lafiya, da wani tsoho, da wata mace 'yar'uwarsa. Baƙin suka kwashe fatu, da abinci, da bakuna da kibau, suka tafi da su don tsaraba. Tsohon da macen suka gudu, ba a ƙara ganinsu ba. Tsohuwar ta mutu ba da daɗewa ba. Ya zauna shi kaɗai kusan shekara uku kafin ya gangaro Oroville, gashin da aka gani a babbake kuwa alamar makoki ce bisa al'adarsu.

Da labari ya fito a jaridu, malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya masu binciken al'adun mutane, Alfred Kroeber da Thomas Waterman, suka yi zaton ko Bayahe ne. Waterman ya tafi gidan waƙafin da takardar kalmomin Yana, ya yi ta karantawa mutumin na saurare bai gane kome ba, har ya zo kan kalmar da ke nufin wani irin katako, ya faɗe ta yana ƙwanƙwasa katakon gado. Nan take fuskar mutumin ta saki, ya maimaita kalmar. Aka tafi da shi San Faransisko cikin jirgin ƙasa, aka ba shi ɗaki a gidan ajiye kayan tarihi na Jami'ar, aka kuma ɗauke shi aikin shara da albashi. A al'adarsu mutum ba ya faɗin sunansa da bakinsa, sai wani ya faɗa masa, ga shi kuwa ba sauran wanda ya san sunan. Saboda haka Kroeber ya sa masa Ishi, watau namiji da harshen Yana. Shekarunsa a lokacin wajen 50.

Likita ya zama almajiri

Kafin zuwan Ishi an taɓa gwada komo da baka a Amurka. Bayan yaƙin basasar ƙasar, wanda ya ƙare cikin 1865, waɗansu 'yan'uwa biyu daga cikin sojan Kudu da aka ci, Maurice Thompson da ƙanensa Will, suka shiga dazuzzukan Kudu suna harbin tsuntsaye da ƙananan namun daji da baka. Maurice ya buga littafi a kan wannan cikin 1878, mutane suka yi sha'awa, har aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa cikin 1879. Amma sha'awar ta karkata wajen gasar harbin allo a fili. Ilmin shiga daji a kusanci dabba har kibiya ta kai gare ta, wannan ya kusa ɓacewa, domin Indiyawa da kansu sun daɗe da komawa ga bindiga.

To, kusa da gidan da aka sauke Ishi akwai asibitin Jami'a, a nan kuwa wani likitan fiɗa mai suna Saxton Pope ya kama aikin koyarwa cikin 1912. An haife shi cikin 1875 a Texas, ubansa likitan soja ne, ya tashi a barikoki yana wasa da baka irin na yara. Shi aka ɗora wa duba lafiyar Ishi. Wata rana ya ga Ishi yana gyaran baka a bayan gida, ya matsa kusa, ya roƙi a nuna masa. Daga ran nan abota ta ƙullu tsakaninsu, likita ya zama almajirin marar lafiyarsa.

Pope ya rubuta dukan abin da ya gani dalla-dalla. Bakan Ishi gajere ne, tsawonsa inci 42, na wani itacen dutse mai tauri. Yakan kankare shi da dutse, sa'an nan ya shimfiɗa jijiyar barewa a bayansa, ya manne ta da danƙon da ya dafa daga fatar kifi. Tsirkiya ma ta jijiya ce. Nauyin jan bakan wajen laba 45. Kibansa na tsirin itace ne, yakan miƙar da su bisa wuta, ya ɗaura gashin tsuntsu uku a gindi don kibiya ta tafi sak. Bakin kibiyar kuwa na dutsen ƙanƙara ne, ko wani baƙin dutse mai kama da kwalba, ko ma fasasshiyar kwalbar da ya tsinta, yana ɓantara da tsinin ƙaho ko na ƙarfe har ya fitar da kaifi. Ba ya jingine baka a tsaye, sai ya kwantar da shi, ba ya kuma yarda a tsallake shi.

Abin mamaki, da aka gwada su wajen harbin allo, Pope ya fi malaminsa saiti. Ishi bai ga amfanin harbin zane a jikin allo ba. Pope kuma bai ɗauki irin bakan Ishi ba, ya gwammace dogon baka irin na mutanen Ingila na da, mai tsawon kusan mutum, mai nauyin ja laba 70 ko fiye, da bakin kibiya na ƙarfe. Abin da ya gada wurin Ishi shi ne yadda ake zama kusa da dabba ba ta sani ba.

Cikin 1914 suka tafi tare da Kroeber da Waterman zuwa Deer Creek, ƙasar Ishi ta haihuwa, suka yi makonni a can. Nan ne aka ga gwanintarsa. In gobe za shi farautar barewa, ba ya cin kifi, ba ya shan taba, don ya ce barewa tana jin warinsu. Yakan tashi da asuba ya yi wanka a rafi, ya goge jikinsa da ganye mai ƙanshi, ya kurkure baki, ya fita bai karya kumallo ba. Kullum iska yake fuskanta, don kada ta kai wa dabba ƙanshinsa. Tafiyarsa taku kaɗan ne sai tsayawa, kallo ya fi tafiyar yawa, in zai haye tudu kuwa sai ya leƙa da saman kansa kaɗai. Yakan sa yatsa biyu a leɓe ya yi kukan zomon da aka kama, zomaye da masu cin zomaye su taho. Yakan naɗe ganye ya tsotsa ya yi kukan ɗan barewa, uwa ta fito neman ɗanta. Wani lokaci yakan ɗora busasshen kan barewa bisa kansa ya laɓe bayan kurmi yana kaɗa shi kamar mai kiwo, daidai da yadda maharbin ƙasar Hausa ke ɗaura burtu a goshi. Duk wannan wahala don abu ɗaya ce, ya rage tazara ta komo yadi 10 ko 20, ko abin da bai fi haka da yawa ba.

Barewar farko

Dalilin neman kusanci yana cikin yadda kibiya ke kisa. Harsashi yana ragargaza abin da ya taɓa, kibiya kuwa yanka take yi kamar wuƙa, dabba ta mutu da zubar jini. Maharbin ƙasar Hausa ya dogara ga dafin kwankwani, ko a cinya kibiyarsa ta kama, dafi zai ƙarasa aikin. Kiban Pope ba dafi, yau ma dokar galibin jihohin Amurka ta hana shi. Saboda haka tilas kibiya ta shiga bayan ƙafar gaba, inda huhu da zuciya suke, wurin da faɗinsa bai wuce na faifai ba. In ta sami wurin, barewa ba ta yin nisa. In ta kauce ta shiga tumbi, dabbar na iya yin sa'o'i tana wahala, wataƙila ma ta ɓace a daji ta mutu a banza. Har ila yau ƙara ta fi kibiya sauri. Ƙara tana cin ƙafa 1,100 cikin daƙiƙa ɗaya, kibiyar dogon baka kuwa ba ta kai ƙafa 200 ba. Barewa takan ji ƙarar tsirkiya ta durƙusa za ta zabura kafin kibiya ta iso, sai kibiyar ta wuce ta bisa gadon bayanta.

Pope ya ba da labarin barewarsa ta farko cikin littafin da ya buga a 1923 a kan farauta da baka. Ya yini yawo tun safe bai sami kome ba, yana komowa zango shi kaɗai wajen tsakar rana, sai ya hangi wani namijin barewa ɗan shekara uku yana kiwo a gindin itace, nisansa kamar yadi 80, ya ba shi baya. Ya sunkuya ya yi sanɗa har tazara ta komo yadi 65. Da barewar ta ɗaga kai ya saki kibiya, ta bi ta tsakanin ƙahoni ta wuce. Dabbar ta girgiza kai, ta saurara kaɗan, ta koma kiwo. Ya ɗana ta biyu, ita ma ta kauce. Wannan karo barewar ta yi tsalle ta tsaya a gicciye tana dube-dube. Pope ya durƙusa bisa gwiwa ɗaya, ya kai hannu kwari, kunnen kibiya ya maƙale, da ƙyar ya zaro ta. Ya tattara hankalinsa, ya rage saiti, ya saki. Kibiya ta bi saman busasshiyar ciyawa ta sami ƙirji. Barewar ta ruga kamar yadi 30 ta soma tangaɗi, ya sheƙa kusa ya ƙara mata ɗaya a zuciya, ta faɗi. Ya ce a lokacin tausayi da murna suka haɗu suka rufe shi har jikinsa ya yi sanyi. Da ya duba sai ya ga kibiyar da ta fara samunta ta ratsa ƙirjin duka, ta tsinke babbar jijiyar jini, ta fita ta kafe a ƙasa yadi 20 gaba.

Wannan rawar jiki da ta kama likitan da ya saba da jini kullum, har yau ita ke kama kowane sabon maharbi. Mutanen Amurka suna kiranta zazzaɓin barewa: zuciya ta riƙa bugawa, gwiwa ta yi sanyi, mutum ya manta da duk abin da ya koya. Indiyawan arewacin Kalifoniya ma sun san ranar nan ba kamar sauran ranaku ba ce. A kabilu da yawa na wurin, yaro ba ya cin naman dabbar da ya fara kashewa, sai a raba wa waɗansu, don ya sani tun daga ranar farko maharbi na jama'a ne.

Ishi bai ga inda abin ya kai ba. Jikinsa bai saba da cututtukan birni ba, tarin fuka ya kama shi, ya mutu ran 25 ga Maris, 1916, Pope na jiyyarsa. Ya sha nuna ƙyamarsa ga fiɗar gawa. Kroeber yana New York a lokacin, ya rubuto wasiƙa kada a taɓa gawar, amma wasiƙar ba ta iso a kan kari ba. Aka feɗe shi, aka cire ƙwaƙwalwarsa, daga baya aka aika da ita babban gidan ajiye kayan tarihi na Smithsonian a Washington. Sauran jikin aka ƙone bisa al'adar mutanensa, tare da bakansa ɗaya da kibau biyar.

Daga maharba uku zuwa doka

Tun Ishi na da rai mutum biyu suka shigo cikin abokan harbin Pope. Na fari Will Compton, wanda ya tashi a Nebraska ya koyi baka wurin Indiyawan Sioux, ya kuma kashe barewarsa ta farko cikin 1877 yana da shekara 14. Na biyu Arthur Young, wanda ya fi su duka iya harbi. Mutane suna yi musu dariya, suna cewa baka abin wasan yara ne. Don su kashe bakin masu faɗin haka, Pope da Young suka karɓi izni cikin 1920 suka shiga gandun dajin Yellowstone, suka harbo manyan beyar, watau wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata wadda ta fi zaki nauyi, aka kai fatun gidan kayan tarihi a San Faransisko. Cikin 1925 suka tafi Tanganyika, wadda yau take cikin ƙasar Tanzaniya, suka harbi zakoki da baka, da masu bindiga tsaye a bayansu. Pope ya mutu cikin 1926, bayan komowarsa da kaɗan.

Amma gwaninta ba ta isa ba, sai doka ta yarda. A zamanin nan barewa ta yi ƙaranci ƙwarai a Amurka. 'Yan kasuwar nama da fata sun yi shekaru suna harbinta da bindiga suna lodawa a jirgin ƙasa zuwa birane, manoma kuma suna sare daji. Wajen shekarar 1900 an ƙiyasta barewa mai farar wutsiya, wadda ta fi kowace yawa a ƙasar, ba ta wuce 500,000 ba. Cikin 1900 Majalisa ta yi dokar Lacey, wadda ta hana ƙetara iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi suka ƙayyade kwanakin farauta da yawan abin da mutum zai kashe. Cikin 1937 aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta sa harajin bindigogi da harsasai ya riƙa tafiya wajen raya namun daji.

Cikin wannan hali masu baka suka kai kukansu ga hukuma. Hujjarsu kuwa ita ce raunin makaminsu. Suka ce mutum ɗari da baka ba za su kashe abin da mutum goma za su kashe da bindiga ba, saboda haka ana iya ba su kwanaki masu yawa a daji ba tare da an rage dabba ba. Amma suna bukatar kwanakinsu dabam, domin da zarar bindiga ta tashi barewa ba ta sake tsayawa a kusance ta. A jihar Wiskonsin wani mai suna Roy Case ya sami izni na musamman, ya kashe barewa da baka cikin Disamba, 1930. Cikin 1934 jihar ta keɓe wa masu baka kwana biyar a gundumomi biyu, Sauk da Columbia, ita ce kuwa jihar da ta fara yin haka. Mutum 40 suka rubuta suna. Da kwanakin suka cika aka ƙirga, barewa ɗaya tak aka kashe. Wani zai ce asara aka yi, amma ƙirgan nan shi ya tabbatar wa hukuma gaskiyar maganar masu baka. Jihar Mishigan ta bi sawu cikin 1937, sauran jihohi suka biyo ɗaya bayan ɗaya.

A Mishigan ne aka sami wanda ya yaɗa abin cikin talakawa. Sunansa Fred Bear, ma'aikaci a masana'antar motoci ta Detroit. Cikin 1927 ya shiga gidan silima ya ga majigin farautar Arthur Young a Alaska, daga nan ya kamu. Gwanin harbi ne da bindiga tun yana yaro, duk da haka ya yi shekara shida yana fita da baka yana komowa hannu wofi, sai cikin 1935 ya sami barewarsa ta farko. Ya kafa masana'antar bakuna, ya mai da ita garin Grayling cikin 1947, ya riƙa manna zaren gilas a jikin katako, aka sami baka mai ƙarko wanda zafi da ruwa ba sa ɓatawa, mai araha kuma. Cikin 1961 maharba suka kafa ƙungiya suka sa mata sunan Pope da Young, tana rubuta manyan dabbobin da aka kashe da baka, da sharaɗin ba a harbe su cikin shinge ko tarko ko daga cikin mota ba. Cikin 1972 aka faɗaɗa harajin raya namun daji ya haɗa da bakuna da kibau, maharban da kansu suka goyi bayan haka.

Baka mai faya-fayai

Wani mutumin jihar Missouri, Holless Wilbur Allen, ya gaji da yadda barewa ke kauce wa kibiyarsa. Ya yanke kawunan baka, ya ɗaura waɗansu ƙananan faya-fayai masu juyawa, ya zagaya tsirkiya a kansu. Ya nemi takardar mallakar wannan dabara cikin 1966, aka ba shi cikin 1969. Amfanin faya-fayan shi ne, in an ja tsirkiya ta kusa kaiwa ƙarshe sai nauyin ya faɗi. Bakan zamani mai nauyin ja laba 60, mutum na iya riƙe shi a jaye da ƙarfin laba 12 ko 15 kawai, ya jira har barewa ta juya yadda yake so. Kibiyarsa kuwa tana cin wajen ƙafa 300 cikin daƙiƙa. Cikin 'yan shekaru irin wannan baka ya mamaye kasuwa. Aka ƙara masa abin saiti, aka ƙera 'yan dakalai da ake ɗaurawa bisa itace, maharbi ya hau ya yi kwanto ya jira.

Barewa ma ta komo. Yau an ƙiyasta mai farar wutsiya ta kai wajen miliyan 30, har ta zama abin damuwa a waɗansu wurare, tana cin gonaki tana haddasa haɗarin mota. A bayan birane, inda harbin bindiga ke da hatsari ga maƙwabta, masu baka ake kira su rage ta.

Sauƙin nan ya jawo gardama wadda ba ta ƙare ba. Masu tsohon baka suna cewa an ba da dogayen kwanakin farauta ne saboda wuyar makamin, in wuyar ta tafi hujjar ta tafi. Masu sabon baka suna cewa makamin da ya fi saiti ya fi rage wa dabba wahala. Waɗanda ba sa son farauta sam kuwa suna nuni ga bareyin da ake ji wa rauni su ɓace. Saboda wannan zargi ne jihohi da dama suka wajabta wa sabon maharbi ya ɗauki darasi kafin a ba shi lasin. A nan ake koya masa kada ya harba sai dabba ta tsaya a gicciye, ya kuma dakata kamar rabin sa'a bayan harbi kafin ya bi sawun jini, don kada ya tashe ta daga inda ta kwanta. Harbi daga yadi 65 irin na Pope, yau malaman harbi ba su yarda almajiri ya gwada shi ba.

Duk da faya-fayai da abin saiti, galibin bareyin da ake kashewa da baka a Amurka ba su wuce yadi 20 zuwa 30 daga maharbi ba. Ƙara har yanzu ta fi kibiya sauri, hancin barewa kuma yana nan yadda yake. Yaron da ke neman barewarsa ta farko tilas ya duba inda iska ta nufa, ya wanke warin jikinsa, ya iya zama sa'o'i ba motsi, sau da yawa kuma ya yi kaka biyu ko uku yana komowa hannu wofi. Abubuwan nan su ne Ishi ya nuna wa Pope a bakin Deer Creek cikin 1914.

Shi kuwa Ishi, ƙwaƙwalwarsa ta yi fiye da shekara 80 a ajiye cikin tulu a Smithsonian, kusan kowa ya manta da ita. Indiyawan Kalifoniya suka tashi bincike har aka gano ta, suka nemi a ba su. Cikin shekarar 2000 aka miƙa ta ga zuriyar al'ummar Yana, tare da tokarsa da ke ajiye a wata maƙabarta kusa da San Faransisko. Suka haɗa su suka kai duwatsun Deer Creek, suka binne a wani wuri da ba su faɗa wa kowa ba.